Neman amfilifayar da ba ta ɗaukar zafi, wadda za a daɗe ana saurare kunne bai gaji ba

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi mini bayani dalla-dalla, ba sunan kamfani kawai ba.

Ina da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, da na saya gwanjo shekara shida da suka wuce. Sautinta ba ni da ta cewa. Matsalata zafi. Ɗakin da nake zama ƙarami ne, mita 4 da 4, rufin kwano da silin, taga ɗaya. Bayan sallar isha'i nakan zauna ina duba takardun ɗalibai ina saurare, karatun Alƙur'ani da farko, daga baya tsofaffin waƙoƙinmu na kalangu da kukuma da na kwafe daga kaset, wani lokaci har ƙarfe ɗaya na dare. Da hunturu babu damuwa. Amma tun da Maris ya kama a nan Kano, in ta yi awa ɗaya a kunne ba na iya ɗora tafin hannu a kanta in ƙirga goma. Ga shi yawancin dare a kan inbata muke, batir biyu ne, kafin asuba fanka ta tsaya yara su yi ta juyi.

Abu biyu nake nema: wadda ba ta zafi, kuma wadda zan yi awa huɗu ko biyar ina ji kunnena bai gaji ba. Na taɓa aron wata 'yar ƙarama a wurin abokina, ko ɗumi ba ta yi, amma cikin rabin awa na ji kamar ana soka mini allura a kunne. Shi ya sa nake ɗari-ɗari. Sifikokina na om 8 ne (om shi ne ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya), an rubuta desibel 88 a bayansu (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Baba Alhaji:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, zan faɗa maka abin da na sani ko da ba shi kake son ji ba. Tun 1979 nake cikin harkar nan, tun ana ɗora faifai a kan garmaho, kuma duk amfilifayar da ta taɓa zaunar da ni har tsakar dare mai zafi ce. Wadda nake da ita yanzu mai kwalba ce, wato kwalaben gilashi ne ke ƙara ƙarfin sautin, guda huɗu samfurin EL34, in ka kashe fitila kana ganin jansu kamar garwashi. Muryar mai karatu da nama take fitowa, har numfashinsa kana ji. Waɗannan ƙananan na zamani masu sanyi na saurari da dama, sautinsu busasshe ne, kamar ana goga ƙarfe a kan ƙarfe. Abin da ka ji a ta abokinka shi ne halinsu. Ka riƙe taka, ka ƙara fanka a ɗakin. Ba a samun tuwo sai an hura wuta.

Injiniya Ƙarami:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi musu da kunnenka ba, ya riga nawa jin sauti da shekara talatin. Roƙona a raba maganar gida biyu, domin zafin akwati daban, gajiyar kunne daban.

Zafi dai lissafi ne. Duk wutar da amfilifaya ta ja daga bango, abin da bai tafi sifika ba zafi yake komawa. Amfilifayoyi aji-aji ne bisa yadda suke aiki. A ajin A, wanda masu ra'ayin Baba suka fi yabo, tiransista a buɗe take kullum kamar famfon da ba a rufewa, ko ana kiɗa ko an yi shiru wutar da take sha ɗaya ce. Mafi yawan abin da za ta iya mayarwa sauti kashi 25 ne zuwa 50 cikin ɗari, shi ma sai an ƙure murya. Akwai wata da aka yi a Ingila a tsakiyar shekarun 1980, Musical Fidelity A1, wat 20 kacal take bayarwa kowane ɓangare, amma ta yi suna a duniya da zafin murfinta, don murfin ne kansa aka yi ya zama wurin fitar da zafin. Mai kwalba irin ta Baba kuwa, kowace EL34 tana shan bolt 6.3 da amfiya 1.5 don ɗumama zaren cikinta kawai. Huɗu sun kusa wat 38 ke nan tun ba a ji ko tari ba.

Ajin AB, wanda shi ne yawancin na gwanjo da ke gidajenmu, tiransista biyu ne suke karɓa-karɓa, ɗaya ta tura ɗaya ta ja, ana bar musu 'yar wuta kaɗan tana gudana don kada a ji gaɓar da suke miƙa wa juna aiki. Shi ya sa ɗumi suke yi in suna zaune, sai an matsa musu su yi zafi.

Ajin D kuma tiransistar ba ta tsayawa a tsakiya. Ko a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sannan a tace abin da ya fito ya koma sauti. Da yake ba ta riƙe wuta a rabin hanya, kusan kashi 90 na abin da ta ja yana isa sifika idan tana aiki sosai.

Malam, ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai wajen wat 100. Amfilifayar da ke ƙona wat 100 a ɗaki mai mita 4 da 4 tamkar ka ƙara mutum ɗaya ne a ɗakin, wanda ba ya fita shan iska.

Mai Gyara:
Salam. Kafin a kai ga sayen sabuwa, Malam ina da tambaya uku. A ina ka ajiye ta? Sifika nawa ka jona mata? Tun da ka saya an taɓa buɗe ta?

Dalilin tambayata, shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan aiki a Sabon Gari, kuma mafi yawan masu kawo mini amfilifaya suna cewa tana zafi, ba halittarta ba ce. Ajin AB mai lafiya, a muryar da mutum zai iya duba takarda yana ji, bai kamata ta hana ka ɗora hannu ba.

Baban Ilham:
Oga, tana cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, dikoda tana kanta. Sifika biyu ne kawai. Ban taɓa buɗe ta ba. A bayanta an rubuta wat 350.

Mai Gyara:
To ai ga rabin ciwon nan. Ramukan da ke saman murfin nan ne hancinta, ka ɗora mata dikoda a kai, ka kuma rufe ƙofa. Ba ta da fanka, iska mai zafi ce ke tashi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. In ka toshe sama, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa. Ka fito da ita fili, ka bar mata aƙalla taƙi ɗaya a sama, ka ɗauke komai daga kanta. Kada kuma a shimfiɗa mata ɗan kyallen ado, iyayenmu mata suna son yin haka saboda ƙura.

Na biyu ƙurar hunturu. Shekara shida a Kano ba a buɗe ba, na san abin da zan tarar: ƙura ta yi bargo a kan haƙarƙarin alminiyom ɗin da ke shanye zafi. Na uku bayas, wato 'yar wutar nan da Injiniya ya ce ana bari tana gudana. Akwai ɗan abin murɗawa a kan fanel da ake saita ta da shi, in ya tsufa yakan goce, sai ka ga tana shan ninki biyu ko uku na abin da kamfani ya tsara. Aikin mita ne da minti talatin. Amma don Allah kada ka buɗe da kanka, manyan kwandansan ciki suna riƙe wuta ko an zare filogi.

Wat 350 da ka gani iyakar abin da za ta iya ja ne, ba abin da take ja kullum ba. Ka nemi 'yar mitar nan da ake sokawa a soket, ka auna ta a kunne babu kiɗa, ka faɗa mana lambar.

Wani abu da mutane ba su damu da shi ba: zafi yana cin ran kwandansa. Ƙa'idar da muke aiki da ita, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. A garin da Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Malam Baban Ilham, halin da kake ciki shi munka baro. Nan ma kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama, a kan sola nike, bateri guda na 200. Da ina da babbar ampili mai nauyi, in na kunna ta bisa inbata sai taransifomarta ta dinga gurnani kamar ƙudan zuma, ko an rage murya ana ji. Daga baya na gane inbatar tawa ba mai tsabtataccen igiyar wuta ba ce, irin mai arha ce da ke bada wuta mai kusurwa. Taransifoma ba ta son wannan, ƙara take yi kuma ta ƙara zafi. Ka duba taka inbatar, in ba a rubuta cewa tsantsar igiya take badawa ba, to tana cikin masu laifi.

Yanzu wata 'yar ƙarama ta ajin D gare ni, mai aisi TPA3116 (aisi shi ne ɗan guntun da ke yin aikin ƙara sautin), na jona ta kai tsaye ga bateri, ba ta bi ta inbata ba sam. Tun magariba har sha biyun dare tana yi, da safe in duba bateri kamar ba a taɓa shi ba. A kan bolt 12 ba ta da ƙarfi sosai, amma ga ɗaki guda ta wadatar. Ba zan ce ta kai ta Baba Alhaji daɗi ba, ban ji tashi ba. Abin da na sani ɗiyana suna kwana da fanka.

Injiniya Ƙarami:
Yaya na Maraɗi ya kawo dabara mai kyau, sai dai a yi hattara. TPA3116 iyakarta bolt 26. Batir ɗaya na bolt 12 babu matsala. Amma Malam batir biyu gare shi, in an jera su sun zama 24, lokacin caji suna haura 28, aisin zai iya ƙonewa. Haka babbar yayarta TPA3255, iyakarta 53.5, batirin lithium da ake kira na 48 kuwa yakan wuce haka in ya cika. Duk mai son jonawa kai tsaye ya auna da mita lokacin da rana ta take, ba da dare ba.

Autan Gida:
Ni fa tawa wat 3000 ce kuma ko ɗumi ba ta yi, da sifika biyar da wufa mai fitar da kakkauran sauti, kuma ba tsada. Me zai hana Malam ya sayi irinta?

Mai Gyara:
Auta, juya bayanta ka karanta wutar da take ja daga bango. Za ka ga wat 60 ko 80. Abin da ya ja 80 ba zai bada 3000 ba. In ka ga an rubuta PMPO kusa da lamba, lambar talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, a kan om nawa, kuma ɓangarori biyu suna aiki tare.

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ni ba masaniyar na'ura ba ce, maigidana ne mai wannan sha'awa, amma ina aiki a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma maganar allura a kunne da Malam ya yi ce ta sa na sa baki.

Kunnen mutum ya fi jin sautin da ke tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), ramin kunnen kansa yana ƙara wa wannan yanki ƙarfi. Nan ne kaifin kukuma da algaita yake, nan ne harafin sin da shin da sad suke fita a karatu. Duk abin da ya ƙara wannan yanki ko kaɗan, kunne zai gaji da wuri. Malam, ɗakinka tayil ne ko kafet? Bangon siminti ne tsirara? In tayil ne da bango babu labule, sautin yana dukan ƙasa da bango ya dawo maka sau da yawa, kuma siririn sauti ne ya fi dawowa. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙyar-ƙyar ya biyo baya, ɗakin yana cikin abin da ke gajiyar da kai.

Sai ƙarfin murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. Kai da kake yin awa biyar kullum, awa 35 ke nan a mako, ka ga ba ka da sarari da yawa. Akwai manhajar auna ƙara a waya, ba ta cika daidai ba amma za ta nuna maka inda kake. In kana tashi kana jin kunnenka yana ƙugi ko kamar an toshe da auduga, don Allah ka rage, kuma ka je a duba. Muna ganin masu wannan matsala, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Baban Ilham:
Hajiya na gode ƙwarai. Tayil ne, labule ɗaya ne a taga, shi ma marar kauri. Na tafa hannun yanzu, wallahi na ji abin da kika faɗa.

Baba Alhaji:
Hajiya ta yi gaskiya a kan ɗaki, nawa kafet ne bango zuwa bango da kantar littattafai. Amma ina nan a kan bakana. A ɗaki ɗaya, da sifika ɗaya, ɗana ya ji tsohuwar tasa awa biyar lafiya, ya sa ƙaramar rabin awa ta soke shi. Tayil ɗin bai canja ba tsakanin biyun. To me ya canja? Injiniya, amsa mini wannan da lissafinka.

Injiniya Ƙarami:
Baba, tambayar ta zauna, kuma abin da Malam ya ji gaskiya ne, ba zato ba. Ina ganin ɗayan abu uku ne, ko duka.

Na farko matatar da ke bakin fitar ajin D. A masu arha da yawa, yadda siririn sauti ke fita ya danganta da sifikar da aka jona. An tsara matatar don om 4 ko 6, sai a sa mata ta om 8, wadda kuma a can saman sauti nauyinta yakan haura haka. Sakamakon shi ne saman ya ɗaga. A ɗakin tayil, da waƙar da aka kwafo daga kaset mai ɗauke da shuu ɗinta, wannan ɗagawar ba za ta ɓuya ba. Wannan aibi ne na gaske kuma shi ya ɓata wa ajin D suna shekara da shekaru. Amma an magance shi. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, tun yana Philips ya fito da tsarin da ake ɗebo sautin bayan ya wuce matata a mayar da shi baya a gyara kuskurensa, ta yadda kowace sifika ka sa amsar ɗaya ce. Shi ne ya yi tsarin amfilifaya mai suna Ncore a kamfanin Hypex na Holan, daga baya shi da abokansa suka kafa Purifi a Denmak. Amfilifayoyin NAD C 298 da M33 da tsarin Purifi suke aiki. Waɗannan masu tsada ne, na sani. Amma dabarar ta sauko ƙasa, yanzu ko a ƙananan masu TPA3255 akwai waɗanda aka sa musu, za ka ga an rubuta PFFB, misali Fosi V3 Mono. In za a sayi ƙarama, a nemi wannan.

Na biyu adaftar da aka haɗo ta da ita. In ƙarama ce, wuta takan gaza lokacin da ganga ta buga, sai kan sautin ya yanke. Wannan yankewar tana haifar da ƙarin kaifi a sama, kuma tana iya ƙona ƙaramar sifikar tuwita mai fitar da siririn sauti.

Na uku, mu kanmu. In sauti ya fito tas babu gurɓata, hannu yakan ƙara murya ba a sani ba.

Game da ƙarfi kuma, Malam ba ya buƙatar da yawa. Desibel 88 na nufin wat 1 kacal yana bada 88 a nisan mita ɗaya. A inda yake zama, a muryar duba takarda, ko rabin wat ba ya ci. Duk ƙarin desibel 3 ninka wat ne, desibel 10 kuma ninki goma. Ko an bar sarari mai yawa don bugun ganga, wat 30 zuwa 50 na gaskiya sun ishe shi har da saura. NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda na tabbata Baba ya san ta, wat 20 ce, kuma ta cika ɗakuna a duniya.

Baba Alhaji:
Na san ta, na riƙe ta shekara tara. Ita ma ɗumi kawai take yi, wannan na yarda.

Mai Gyara:
Injiniya, a nan zan koma bayan Baba kaɗan, ta fuskar da ku masu lissafi ba ku cika dubawa ba. Tsohuwar ajin AB in ta lalace, tiransista ce ko kwandansa ko rizisto, duk akwai su a kasuwa, in cire in sa wata, mutum ya ɗauki abarsa da yamma. Na gyara waɗanda suka girme ni. Ajin D kayan cikinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, manne a jikin fanel, wasu ma ba a samun zanen aikinsu. In ta mutu sau da yawa sai dai a canja fanel ɗin ɗungurungum, a jira a kawo daga waje.

Ga kuma wutarmu. Adaftar zamani tana jure wuta ta yi ƙasa, yawanci an rubuta bolt 100 zuwa 240, wannan alheri ne a unguwar da ba ta ganin 230 cikakke. Amma in NEPA ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko janareta ya yi tsalle, ita ce ta fara tafiya. Tsohuwar taransifoma ta fi haƙuri da wannan. Abin da ya rage wa ƙananan laifi a wurina shi ne masu adafta a waje, in ta ƙone ita kaɗai za ka saya.

Don haka ni in za a bi tawa, Malam ya fara gyara ta hannunsa. In kuma lallai sabuwa yake so kuma yana son abin da za a iya gyarawa a nan, akwai ajin AB matsakaita da ba su cika zafi ba in an ba su iska, irin Yamaha A-S301 mai wat 60 ko Marantz PM6007 mai 45. Kuma duk mai sayen gwanjo ya duba bayanta: kayan Amurka bolt 120 ne, na Japan 100. Kullum sai an kawo mini wadda aka soka a 230.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne Oga. Tawa ta farko hadari ya kashe ta, ban samu mai gyara ba, wata na saya. Sai dai kuɗinta bai kai na canjin bateri guda ba, shi ya sa ban ji zafin abin sosai ba.

Baban Ilham:
'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri kwana tara shiru, jarrabawa ce ta riƙe ni. Ga abin da ya faru.

Na samo mitar soket. A kunne babu kiɗa, tana shan wat 74. Fankar silin ɗinmu na auna ta, 70. Wato duk daren da na yi awa biyar, na cinye wa yara awa biyar na fanka. Wannan ya dame ni fiye da zafin.

Na kai ta wurin mai gyara a unguwarmu, na karanta masa abin da Oga ya rubuta. Ƙurar da aka hure daga ciki sai wanda ya gani. Ya ce bayas ɗin ɓangare ɗaya ya goce sosai, ya saita, ya canja kwandansa huɗu da suka kumbura. Yanzu wat 31 take sha a zaune. Na fito da ita daga kabad na ɗora a kan ɗan tebur. Bayan awa uku ɗumi ne kawai kamar kofin shayin da ya huce. Oga, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci sana'a.

Na shimfiɗa babbar darduma tsakanina da sifikokin, uwargida ta ba ni labule mai kauri, na kuma daina nuno sifikokin kai tsaye ga kunnena, na ɗan miƙar da su. Hajiya, manhajar ta nuna ina tsakanin desibel 68 da 74.

Sai na sake aro ƙaramar abokina don in yi mata adalci, na daidaita muryarsu da manhajar kamar yadda ya kamata. Wat 6 take sha. Allurar nan ta ragu ƙwarai, na yi awa biyu da ita. Amma Baba, ban ɓoye maka ba, a kan karatu har yanzu sin ɗin yana ɗan fi kaifi a kanta, tsohuwar ta fi taushi. Na duba, babu PFFB a jikinta ko a kwalinta.

Niyyata yanzu in riƙe tsohuwar, in kuma tara kuɗi in sayi ƙarama mai wannan gyaran don watannin Maris zuwa Mayu da daren da batir ya yi ƙasa, domin tsakanin 31 da 6 akwai awa kusan biyu na fanka. Tambayata ta ƙarshe, na ga ana sayar da su da adafta iri biyu, bolt 32 da 48. Wacce zan ɗauka?

Injiniya Ƙarami:
Alhamdu lillahi. Malam ɗauki 32. Ta 48 ƙarin ƙarfi take bayarwa wanda sifikokinka ba sa buƙata, kuma tana sa akwatin ya fi ɗumi ko babu kiɗa, ga shi ta kusa iyakar aisin. A kan om 8, bolt 32 zai ba ka abin da ya haura wat 40, ya wuce buƙatarka nesa. In mai ɓangare ɗaya-ɗaya ka zaɓa, ka tuna biyu za ka saya, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma za ka buƙaci abin da zai riƙe maka murya a gabansu. Ka lissafa wannan cikin kuɗin tun yanzu.

Baba Alhaji:
Madalla ɗana, na ji daɗi da ba ka yar da tsohuwar ba. In ka sayi sabuwar, kada ka yanke mata hukunci a daren farko. Ka yi mako guda da ita a kan karatun da ka fi sani, sannan ka mayar da tsohuwar. In Allah ya kawo ka Kaduna ka taho da ita, mu jona ta a sifikokina mu ji tare, Injiniya ma ya zo da mitarsa.

Mai Gyara:
Amin Malam. Ka sa mata abin kariya daga tsallen wuta a soket, kuma in an ɗauke wuta ka zare filogi har ta dawo ta zauna. Tsohuwar kuma duk ƙarshen hunturu a kai ta a hure ƙura, a sake auna bayas ɗin.